Jigilar manyan keji na dabbobi

Jigilar manyan keji na dabbobi ita ce ɗaukar kejin kaji, na zomaye, na karnuka ko shingen ƙarfe na tumaki da shanu daga wurin maƙeri zuwa wurin mai kiwo, ba tare da dabba a ciki ba. A Ghana irin waɗannan kaya suna fitowa ne ta hanyoyi biyu: ko dai masu walda na gida su haɗa su, kamar na Suame Magazine da ke Kumasi, ko kuma a shigo da su daga waje, galibi daga ƙasar Sin, ta tashar jiragen ruwa ta Tema da aka buɗe a 1962, ko ta Takoradi wadda ta fara aiki tun 1928.

Wahalar keji a hanya daga siffarsa take. Yana cin wuri mai yawa alhali ba shi da nauyi, kuma ƙarfinsa yana ga haɗuwar kusurwoyinsa, don haka nauyin da zai ɗauka a tsaye ba zai jure shi ba idan aka danne shi daga gefe. Raga takan lotsa, walda takan ɓalle, sannan ƙofar da ta karkace ko da kaɗan ba za ta sake shiga sakata ba. Wannan na ƙarshe shi ne mafi muni, domin kejin da ba ya rufuwa sunansa keji ne kawai.

Shiryawa da lodi

Hanya mafi aminci ita ce a aiko da keji a wargaje, a jera bangarorinsa a kan gadon katako, a sa kwali ko soso tsakanin kowane biyu, a tsare kusurwoyi, sannan a ƙulla noti da ƙusoshi a jaka guda mai lamba. Hakan yana rage kuɗi ma, saboda masu haɗa kayan mutane da yawa a kwantena ɗaya suna lissafi ne da girma ko nauyi, duk wanda ya fi yawa, kuma sukan ɗauki mita ɗaya ta kowane gefe daidai da kilo 1,000. Wanda ya aiko da keji a haɗe, kuɗin iska ya biya.

Kwantena mai ƙafa 20 tana da tsawon kusan mita 6, mai ƙafa 40 kuma kusan mita 12, faɗin cikinsu bai wuce mita 2.35 ba, don haka ana auna bangarori kafin a yi oda. Katakon da aka shirya kaya da shi dole ne ya ɗauki hatimin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISPM 15, wadda aka amince da ita a 2002, mai nuna cewa an kashe ƙwarin cikinsa, misali ta gasa shi har tsakiyarsa ta kai digiri 56 na tsawon minti 30.

Ruwa maƙiyi ne da ba a cika lura da shi ba. A tafiyar da takan wuce wata guda a teku, zafin rana da sanyin dare suna sa rufin kwantena ya yi gumi, ya riƙa ɗiga a kan kaya. Ƙarfen da aka shafe da tutiya, idan an matse shi da leda babu iska, yakan fitar da wani farin gari da ake kira farar tsatsa, wadda take cin tutiyar a hankali har jar tsatsa ta sami ƙofa. Maganinta shi ne jakunkunan tsotse laima da barin 'yar tazara tsakanin bangarori.

Hanyar mota

Daga Accra zuwa Kumasi tafiya ce ta kusan kilomita 250, ta Nsawam da Nkawkaw. A nan ɓarna ta fi zuwa daga ɗauri: yaron mota yakan ja bel iya ƙarfinsa ta saman raga don kada kaya su motsa, sai bel ɗin ya bar kwari a kowane bangare. Daidai shi ne bel ya bi ta kan firam, a sa katako a ƙarƙashinsa, kaya masu nauyi su zauna a ƙasa, a rufe da tamfol musamman a damina.

Zangon ƙarshe ma yana da nasa haɗari. Tirela ba ta shiga lungunan Nima da Maamobi a Accra, ko na Aboabo da Asawase a Kumasi, inda Hausawa da yawa suke kiwon kaji da ragunan layya a cikin gida, don haka sai an sauya kaya zuwa ƙaramar mota ko aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Kowace sauyawa dama ce ta faɗuwa, kuma dogon bangare da 'yan dako biyu suka riƙe ta baki da baki yakan lanƙwashe a tsakiya, shi ya sa ake ɗaukarsa a tsaye ta gefensa.

Karɓa da neman diyya

Lokacin sa hannu a takardar karɓa shi yake yanke wanda asara za ta hau kansa. Mai karɓa yana duba lambar hatimin kwantena ya gwada ta da ta takardar lodi, ya ɗauki hoto kafin a sauke komai, ya ƙirga ɗauri, ya buɗe ƙofa ya rufe, ya kuma shafa wuraren walda da hannu, domin tsinin waya da ya ɓalle yana iya yanka dabba. Duk lahanin da ya gani yana rubuta shi a takardar a gaban direba, kuma ba ya jefar da kwali da katako sai mai inshora ya gani. Kunya takan hana wasu yin haka idan direban ɗan unguwa ne, amma takardar da aka sa wa hannu babu ƙorafi shaida ce cewa kaya sun iso lafiya.

A ƙarƙashin ƙa'idojin Hague na 1924 kan jigilar kaya ta teku, lahanin da ba ya bayyana nan take ana sanar da shi a rubuce cikin kwana 3, kuma damar shigar da ƙara tana ƙarewa bayan shekara ɗaya. Haka nan a cinikin da aka ƙulla bisa sharaɗin FOB ko CIF, wato sharuɗɗan cinikin ƙasa da ƙasa da ke fayyace nauyin mai saye da na mai sayarwa, haɗarin kaya yana komawa kan mai saye da zarar an loda su a jirgi, bambancin kawai shi ne a CIF mai sayarwa ne yake biyan kuɗin jirgi da mafi ƙarancin inshora, wadda ba lalle ta rufe lotsewar raga ko tsatsa ba. Mai shigo da kaya da ya sami saɓani da kamfanin jirgi yana iya kai kuka ga Hukumar Masu Jigilar Kaya ta Ghana, wadda aka kafa a 1974.