Waiwaye: Asarar da ambaliyar kogin Binuwai ke jawowa

A shekarar 1982 Kamaru ta kammala madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai. Tun lokacin ake maganar Najeriya za ta gina tata a Dasin Hausa, jihar Adamawa, don ta tare ruwan da Lagdo ke saki idan ta cika. Har yau ba a gina ta ba.

Shekarar 2012 ce ta nuna girman matsalar. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce a ambaliyar shekarar mutum 363 suka rasu a faɗin Najeriya, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu, asarar dukiya kuma ta kai kusan naira tiriliyan 2.6. A 2022 ruwan ya dawo, mutum fiye da 600 suka rasu, Bankin Duniya ya ƙiyasta ɓarnar a kan dala biliyan 6.68.

Abin da ke karya manomi shi ne lokacin da ruwan ke zuwa. Yakan iso wajen Satumba zuwa Oktoba, daidai sa'ad da shinkafar fadama ke yin ciki ko fitar da kai. Manomi ya riga ya zuba kuɗin huɗa da iri da taki da feshi, sau da yawa da bashi. Shinkafa tana son ruwa, amma idan ya shanye ta gaba ɗaya har mako guda, ruɓewa take yi. Akwai irin shinkafa FARO 66 da FARO 67 da aka fitar a 2017, masu jure nutsewar kusan mako biyu, sai dai juriyar tana aiki ne tun shuka tana ƙarama. Idan ruwa ya janye, ga yashi jibge a gona, babu amfanin bana, babu irin baɗi, sai a kai awaki kasuwa a sayar da araha.

Mutumin birni ma ba ya tsira. A 2022 ruwa ya rufe hanyar Lokoja zuwa Abuja a Koton Ƙarfe, tankokin mai suka maƙale, layi ya dawo gidajen man Abuja, kayan gwari da ke gangarawa Kudu suka lalace a cikin tireloli.

Ɗora wa Lagdo laifin duka ba daidai ba ne. Kogunan Gongola da Taraba da Donga da Katsina-Ala duk a Najeriya suke zuba wa Binuwai ruwa, yashi kuma ya cike cikin kogin, shi ya sa ruwan da a da yake wucewa yanzu yake malala cikin gonaki.