Gyaran na'urar ɗumama gida: matsaloli da farashi

Na'urar ɗumama gida, wadda Amurkawa ke kira fanes, inji ce da ke ƙona iskar gas ta gasa iska, sannan babbar fanka ta tura iskar cikin bututai zuwa ɗakuna. A Amurka da Kanada aka fi amfani da ita, kuma kusan rabin gidajen Amurka da gas suke ɗumama. Galibi tana zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko a gareji. Ta bambanta da boila, wadda ke dafa ruwa ta tura shi cikin bututan ƙarfe. Akwai masu aiki da man ɗumama ko da lantarki zalla, amma ta gas ce ta fi yawa, kuma ita ce wannan maƙala ta duba. Takan yi shekara 15 zuwa 20 tana aiki.

Yadda take tashi

Makaniken da ya san aikinsa ba ya fara kwance komai sai ya tsaya ya ga inda na'urar ta tsaya a jerin tashinta, domin kullum bisa tsari ɗaya take kamawa. Tamostat, wato ma'aunin zafin ɗaki da ke jikin bango, yana aika saƙo da wutar bolt 24 zuwa allon sarrafawa. Allon ya tayar da ƙaramar fankar zuƙe hayaƙi. Idan ta ja iska yadda ya kamata, suwicin matsi, mai auna ƙarfin jan iskar, ya rufe, wannan ne izinin ci gaba. Daga nan makunni, wato abin da lantarki ke zafafawa don ya kunna gas, ya yi jawur cikin daƙiƙa 15 zuwa 45, bawul ɗin gas ya buɗe, wuta ta kama. Wata siririyar sandar ƙarfe da ke cikin harshen wutar ita ke shaida wa allon cewa wutar ta kama. In ba ta yi hakan cikin 'yan daƙiƙoƙi ba, nan take a rufe gas. Bayan rabin minti ko minti ɗaya babbar fanka ta tashi.

Yawancin na'urori sukan gwada sau 3, idan abin ya ƙi sai su kulle kansu, sau da yawa na tsawon awa guda. Akwai ɗan ƙwan fitila a jikin allon da ke ƙyaftawa bisa adadi, ma'anar kowane adadi kuma tana rubuce a takardar da aka manna a cikin murfi. Abin da mai gida ke gani a matsayin lalacewa, sau da yawa wani mai gadi ne a cikin jerin nan ya hana wucewa, kuma yana da hujjarsa.

Matsalolin da aka fi samu

Filta, wato matatar da ke tace ƙura daga iskar da ke shiga na'urar, ita ce kan gaba. Idan ƙura ta toshe ta, iskar da ke bi ta kan bututan musayar zafi, wato bututan ƙarfen da hayaƙin wutar ke bi ta cikinsu suna ɗumama iskar gida, ta ragu, ƙarfen ya yi zafi fiye da kima, suwicin kariyar zafi ya kashe wutar. Na'urar ta huce, ta sake kamawa, ta sake mutuwa, haka za ta yi ta yi gidan bai ɗumama ba. Filta mai kaurin inci 1 ana canza ta duk wata 1 zuwa 3, mai inci 4 ko 5 takan kai wata 6 zuwa shekara. A gefenta akwai kibiya da dole ta kalli wajen fanka. Abin da mutane ba su cika lura ba shi ne filta mai tsananin tacewa, irin mai lambar MERV 13, tana iya shaƙe tsohuwar na'ura ko da filtar sabuwa ce fil. Rufe ƙofofin iska na ɗakunan da ba kowa, wai don a rage kuɗin gas, shi ma hakan yake haifarwa.

Sai sandar shaida wuta. Alamarta ba ta ɓuya: wuta ta kama da kyau, bayan daƙiƙa 3 zuwa 7 ta mutu. Sandar tana aiki ne da wutar lantarki 'yar mitsitsiya, maikro-amp kaɗan, don haka ɗan dattin da ya lulluɓe ta ya isa ya makantar da ita. Ana kashe wutar na'urar, a kwance ƙusa ɗaya da ke riƙe da sandar, a goge ta da lallausar wayar goge ƙarfe, a mayar. Da wuya ta buƙaci canji sai in farar tangaran da ke gindinta ta tsage.

Makunni kuwa ƙarewa yake yi, kamar ƙwan fitila. Tsohon samfuri na silikon kabaid yana da gautsi ƙwarai, ɗan bugu kaɗan yake karya shi, kuma yana tsagewa bayan wasu shekaru na zafi da sanyi. Na silikon naitiraid ya fi daɗewa. Idan ƙaramar fanka ta tashi amma ba a ga ja ba, makanike yakan auna makunnin da mita. In mita ta nuna layin ya yanke, ya mutu. Na'urorin da suka tsufa sosai ba su da makunni, suna da 'yar wuta mai ci dare da rana, kuma a jikinsu abin da ke yawan lalacewa shi ne tamokoful, mai ba da kusan milibolt 30 don riƙe bawul a buɗe.

Suwicin matsi ya fi kowane sashi shan zargin da ba laifinsa ba. Yana ƙin rufewa ne idan hayaƙi ba ya samun hanyar fita: tsuntsu ya yi sheƙa a bututu, dusar ƙanƙara ta rufe bakinsa a waje, ko siririn tiyon roba da ke haɗe da suwicin ya tsage ko ya cika da ruwa. Wanda ya canza suwicin bai duba waɗannan ba, ya yi asarar kuɗinsa. Haɗa wayoyinsa don a tsallake shi kuma ganganci ne da ke iya cika gida da hayaƙi.

Na'urori masu tsimin gas, waɗanda ke mayar da kashi 90 zuwa 98 cikin 100 na gas zuwa ɗumi, suna da matsalar da masu kashi 80 ba su da ita. Suna tatsar zafin hayaƙin har tururinsa ya koma ruwa mai ɗan tsami, lita da dama a rana mai sanyi. Idan magudanar ruwan ta toshe ko ta daskare, ruwa ya koma cikin ƙaramar fanka, na'urar ta tsaya.

Babbar fanka da ke gurnani ba ta juyawa, sau da yawa kapasita, wato ƙaramin sashin lantarki da ke taimaka wa motar juyawa, ita ce ta mutu, ba motar ba. Idan kuma na'urar ta yi tsit gaba ɗaya, a fara duba batirin tamostat, da bireka, da fis mai amp 3 ko 5 a jikin allo, da murfin fanka, domin akwai suwici a bayansa da ke yanke wuta in bai zauna daidai ba.

Tsagewar bututan musayar zafi

Wannan ce matsalar da ta shafi rai. Bututan nan su ne katanga tsakanin hayaƙi da iskar da mutane ke shaƙa. Shekarun kumburi da ƙanƙancewa suna gajiyar da ƙarfen, musamman inda aka bar filta a toshe ko aka saka na'urar da ta fi ƙarfin gidan. Alamomin sun haɗa da harshen wuta da ke rawa ko fitowa waje da zarar babbar fanka ta tashi, da baƙin toka a ciki. Haɗarin shi ne kabon monoksaid, guba marar launi marar wari, irin wadda ke hallaka mutanen da suka kwana da janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce sama da mutum 400 ne ke mutuwa kowace shekara a Amurka sanadin shaƙar ta ba tare da gobara ba. Shi ya sa ake saka ƙararrawar gano ta a kowane hawa da kusa da ɗakunan kwana. Da yake hukuncin tsagewa sau da yawa yana nufin sayen sabuwar na'ura, mai gida na da damar neman a nuna masa tsagar da ido ko da kyamara, ko ya kira wani makaniken ya sake dubawa.

Farashi

Alƙaluman nan kimantawa ce ta kasuwar Amurka, kuma suna hawa da sauka bisa gari da kamfani. Zuwan makanike da bincike kaɗai dala 75 zuwa 200 ne, da dare ko ranar hutu yakan ninka. Goge ko canza sandar shaida wuta dala 80 zuwa 250, makunni 150 zuwa 350, suwicin matsi ma kusan haka. A waɗannan ƙananan gyare-gyare kayan kansu ba su cika wuce dala 20 zuwa 80 ba. Sauran duk ladan aiki ne da kuɗin mota da lasisi.

Manyan sassa ne ke cin aljihu. Allon sarrafawa da bawul ɗin gas kowanne yakan kama dala 300 zuwa 700, ƙaramar fanka 400 zuwa 1,100. Motar babbar fanka ta gargajiya tana farawa daga kusan 400, amma samfurin ECM mai sauya gudu yana iya wuce 1,500. Canza bututan musayar zafi dala 1,000 zuwa 3,000 ne, saboda sai an wargaza kusan dukan na'urar. Sabuwa da kuɗin sakawa takan kama daga 3,000 zuwa 7,500 ko fiye.

Kamfanoni irin su Carrier, Trane, Lennox, Goodman da Rheem sukan ba da garantin shekara 10 a kan sassa idan an yi rajista cikin kwana 60 ko 90 da sakawa, in ba a yi ba ya ragu, yawanci zuwa shekara 5. Bututan musayar zafi sukan sami shekara 20 ko fiye. Sai dai garantin kamfani kayan yake biya, ladan makanike na kan mai gida. Ma'aunin da masu sana'ar ke yawan bi shi ne: idan na'urar ta haura shekara 15 kuma gyaran ya kai rabin kuɗin sabuwa, canji ya fi. Dubawar shekara-shekara, wadda ake yi a farkon kaka kafin layin masu kira ya yi tsawo, dala 80 zuwa 200 ce, kuma a cikinta ake goge sanda, a wanke magudana, a auna hayaƙi, a daidaita matsin gas.