Laud, Kolorado da sauran wiwi mai ƙarfi: amsoshin tambayoyin da na gaji da maimaitawa

Ni ma'aikacin jinya ne a sashen masu taɓin hankali a nan Gombe, kuma tambayoyi iri ɗaya ake yi mini a asibiti, a ƙofar masallaci, a wurin ɗaurin aure, har ma a waya da tsakar dare. Na tara su a nan domin duk wanda ya sake tambaya in tura masa wannan rubutu, ni kuma in samu in yi barci.

Wai tabar wiwi ta yanzu ta bambanta da ta da?

Ta bambanta ƙwarai. Sinadarin da ke bugarwa a cikinta sunansa THC, wanda Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka gano fasalinsa a Isra'ila a 1964. A Amurka, inda aka daɗe ana auna wadda hukuma ta kama, THC bai wuce kashi 4 cikin 100 ba a 1995, amma zuwa 2014 ya kai kusan kashi 12, yanzu kuwa akwai irin da ke haura kashi 20. Ba sihiri ba ne, dabarar noma ce: ana tumɓuke mazan shukar kafin su yi fure domin kada macen ta yi iri, sai ta tara danƙo mai yawa a kan furenta, kuma a cikin danƙon nan ƙarfin yake. A lokaci guda ɗaya sinadarin, wato CBD, wanda ba ya bugarwa, ya ragu sosai a irin waɗannan.

Saboda haka, Baba, ka daina ba ni labarin makaniken unguwarku da ya shekara talatin yana zuƙa bai taɓa cire riga a kasuwa ba. Abin da ya sha daban, abin da jikanka ke sha daban.

Ai ganye ne, kuma Allah ne ya halicce shi?

Zaƙami ma ganye ne, kuma ba banza aka laƙaba masa suna haukata-yaro ba.

Mene ne bambancin Laud da Kolorado?

Sunayen kasuwa ne, kuma dila ba ya auna komai kafin ya ƙulla. Laud ana nufin mai ƙarfin wari da ƙarfin buguwa, wadda galibi ake shigowa da ita daga waje, shi ya sa ake jin ana cewa ta Kanada ko ta Gana. Kolorado, wadda matasa ke kira Kolos, ta ari sunan wata jiha ce a Amurka da ta halatta wiwi a 2012, amma abin da ake sayarwa da wannan suna a Najeriya hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi tana lissafa shi cikin na haɗi, wato busasshen ganye da aka fesa wa sinadarin da aka sarrafa. Wannan ya fi tayar mini da hankali. THC yana murɗa makullin da ke cikin ƙwaƙwalwa rabi ne kawai, na haɗi kuwa yana murɗa shi har ƙarshe, kuma feshin ba ya sauka daidai, ta yadda naɗi ɗaya zai zo da sauƙi, na biyu daga ƙulli ɗaya ya kayar da mutum da jijjiga, ko suma, ko ya taɓa masa ƙoda. Wanda yake ganin ina zuzutawa ya dubi Saliyo, inda abin da suke kira Kush ya kai shugaban ƙasa Julius Maada Bio ga ayyana dokar ta-ɓaci a watan Afrilun 2024.

To wacce ce ta fi sauƙi a cikinsu?

Ba ni zan zaɓa maka ba, ɗan samari. Ka nemi wata tambayar.

Ƙanina yana yawan amai, kuma ba abin da yake so sai wanka da ruwan zafi. Olsa ce?

Ba kowa ke yin wannan tambaya ba, amma na sa ta a gaba domin ina ganin kuɗin da ake ɓarnatarwa a kanta. Wanda ya daɗe yana shan wiwi kullum, musamman mai ƙarfi, yana iya kamuwa da amai mai tafiya yana dawowa, tare da ciwon ciki, kuma alamar da ke tona shi ita ce sauƙin da yake ji idan ya watsa ruwan zafi. Likitoci a Ostireliya ne suka bayyana wannan ciwo a 2004. Za a sha maganin olsa, a sha na taifod, a yi hoton ciki, amma ba ya rabuwa da mutum sai ya daina sha. Yaya, ka tambaye shi a keɓe, sannan ka kai shi asibiti, domin yawan amai yana ƙarar da ruwan jiki, kuma dole a tabbatar ba wani ciwon ne daban ba.

Da gaske ne tana haukatarwa?

Ba kowa take haukatarwa ba, kuma da wannan masu sha suke fakewa. Wani babban bincike da aka wallafa a 2019, wanda aka yi a wurare 11 a Turai da Barazil, ya nuna cewa masu sha kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin kamuwa da ciwon hauka, masu shan mai ƙarfi kullum kuwa kusan sau biyar. Mai ƙarfi a ma'aunin binciken ita ce wadda THC ɗinta ya kai kashi 10 ko fiye. Abubuwa uku nake dubawa idan an kawo mini yaro: shekarun da ya fara, ko kullum yake sha, da kuma ko akwai mai taɓin hankali a dangi. Ƙwaƙwalwa ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, saboda haka wanda ya fara yana ɗan 14 ba daidai yake da wanda ya fara da gemunsa ba.

Ɗana ya fara surutai shi kaɗai, yana cewa ana bin sa, har ya daina cin abincina wai na sa masa guba. Asibiti za mu kai shi, ko wurin ruƙiyya, ko mu kulle shi, ko mu kira NDLEA?

Hajiya, ki kwantar da hankalinki tukuna. Ba ke kika jawo ba, kuma zargin da yake yi miki ciwon ne ke magana, ba ɗanki ba. Amsar ta danganta da abubuwa da dama, don haka ki yi haƙuri da tsawonta.

Akwai halin da babu shawara a cikinsa. Idan yana jijjiga, ko ya suma, ko yana kukan ciwon ƙirji, ko jikinsa ya yi zafi rau, ko ya ɗauki makami, ko ya ambaci kashe kansa ko da sau ɗaya ne, sashen gaggawa za a nufa a wannan sa'ar, ko da ƙarfe nawa ne. Na ambaci zafin jiki da gangan, domin zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da faɗuwar sukari, da buguwa a ka, duk suna iya sa mutum sambatu, kuma kasancewar yaro yana shan wiwi ba ta hana shi kamuwa da ɗayansu. Sau da yawa gida yakan yanke hukunci cewa shaye-shayensa ne, a bar shi a ɗaki, alhali wani ciwon ne ke cin sa.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma yanzun nan ya sha, mai yiwuwa buguwa ce da firgici, wanda yakan lafa cikin 'yan sa'o'i. A sa shi a ɗaki mai shiru, mutum ɗaya ko biyu da ya yarda da su su zauna da shi, a kawar da wuƙa da adda da igiya, a sallami 'yan kallo. Kada a yi gardama da shi a kan masu bin sa, kada kuma a gaskata masa. A ce masa an ga yana cikin tsoro, kuma ana tare da shi. Amma ke kin ce har ya daina cin abincinki, wanda ke nuna abin ya kwana biyu, kuma wannan ya wuce buguwa. Irinsa yana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa. A nan kusa akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, sannan akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da Kaduna. Ba zan yi miki alkawarin cewa allura ɗaya za ta gama komai ba. Wasu suna warwarewa cikin kwanaki ko makonni idan sun daina sha, wasu kuma abin yakan zama mafarin ciwo mai tsawo. Wani bincike a ƙasar Denmak da aka wallafa a 2018 ya nuna kusan rabin waɗanda wiwi ta fara birkitawa sun koma masu daɗaɗɗen ciwon ƙwaƙwalwa daga baya. Ba a gane rukunin da yaro zai faɗa a ranar farko, shi ya sa muke nacewa a kan dawowa ganin likita ko da ya ji sauƙi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ga yaro ya fara gaisuwa da cin abinci, sai a ajiye magani, bayan wata biyu a dawo mana da shi a ɗaure a bayan Keke Napep.

Game da ruƙiyya, ban taɓa hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi wa majinyatana. Sharaɗina shi ne kada ta zama dalilin jinkirta asibiti, kada a ce a daina magani, kada a yi duka, kada kuma a turnuƙe shi da hayaƙi a rufaffen ɗaki. Malamin kirki ba zai ƙi a haɗa biyun ba. Kullewa da mari kuwa ban yarda da su ba sam. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, lokacin da suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida, wasu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa tana hana ƙafa tafiya, ba ta hana muryoyin da yake ji a ka, kuma wanda yake ganin kowa abokin gabansa ne, kun tabbatar masa da zarginsa ke nan.

NDLEA tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, kuma yana iya amfani ga wanda hankalinsa ke jikinsa amma ya kasa dainawa. Sai dai wanda yake sambatu majinyaci ne kafin komai, don haka likita ne farko. Ki kuma tambayi abokansa sunan abin da yake sha da abin da yake haɗawa da shi, domin sun sani, kuma likita yana buƙatar gaskiyar, ba wadda aka gyara don kunya ba.

Abu na ƙarshe, tunda na san kawunansa za su kawo shawarar: kada a yi masa aure wai don ya natsu. 'Yar mutane ba magani ba ce.

Idan aka dafa ta a wake ko aka zuba a shayi, ai ta fi hayaƙi sauƙi?

Huhu ya huta, ƙwaƙwalwa ba ta huta ba. Hayaƙi yana kamawa cikin mintuna, wadda aka ci kuwa takan ɗauki rabin sa'a zuwa sa'a biyu, sai mutum ya ga kamar ba ta yi ba ya ƙara, daga baya duka su sauko masa gaba ɗaya, su kuma daɗe ba su sake shi ba. Ga haɗarin ƙaramin yaro ya ɗauki kofin zoɓon yayansa ya kwankwaɗa.

Yaranmu ne kawai suka lalace haka?

A'a. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fi sani da rahoton 2018, ya ƙiyasta mutum miliyan 10.6 masu shan wiwi a Najeriya. Gidan da kake jin kunyar su ji labarinka, wataƙila na riga na ga ɗansu.

Idan ya daina lokaci ɗaya, ba zai mutu ba?

Barin wiwi ba ya kisa. Zai yi saurin fushi, barci zai ƙaurace masa, abinci zai fita ransa, zai yi gumi da munanan mafarkai. Abin yakan fara cikin kwana ɗaya zuwa uku, ya tsananta a makon farko, ya lafa wajen mako biyu, ko da yake barci yakan daɗe bai daidaita ba. Ku jure masa, wannan alamar dainawa ce, ba sabon iskanci ba. Amma idan yana haɗawa da ƙwayoyin sa barci irin su rafanol, ko giya mai yawa kullum, kada a yanke su farat ɗaya a gida, domin barinsu haka yana iya kawo jijjiga. Mai haɗawa da taramol ko kodin shi ma likita ne zai tsara masa.

Ai Turawa sun halatta ta, har magani suke yi da ita?

Kanada ta halatta ta a 2018, kuma a shekarar ce Amurka ta amince da Epidiolex, maganin wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. CBD ne tatacce, an auna shi, likita ne ke rubutawa, kuma ba ya bugarwa. Ba shi ne ake ƙulla maka a leda a bayan tasha ba. A Najeriya kuwa nomanta da sayar da ita da mallakarta duk laifi ne.

Kwana nawa take yi kafin ta fita daga fitsari?

Na san dalilin tambayar: an kira ka gwajin neman aiki. THC yana maƙalewa a cikin kitsen jiki, saboda haka wanda ya taɓa sau ɗaya 'yan kwanaki ne, mai sha kullum kuwa yana iya kai wata guda ko fiye. Ruwan tsamiya ba ya wanke shi, madara ba ta wanke shi, lemon tsami ma haka. Kada kuma a sake kira na da dare ana roƙon in samo fitsarin wani.