Antibodin kifin shak: shekara talatin na alkawari, ina maganin?

Tun 2021, da masu bincike suka nuna cewa ƙananan antibodi (furotin da jiki ke yi don cafke ƙwayar cuta) na kifin shak suna dakatar da ƙwayar cutar korona a ɗakin gwaji, muhawara ba ta lafa ba. Wasu na fargabar za a ƙarar da kifin saboda magani, wasu kuma na tambayar me ya hana maganin fitowa. Fargabar farko ruɗani ne da batun man hantar shak da aka yi ta cece-kuce kan sa shi a allurar rigakafin korona a 2020. A aikin antibodi, jini kaɗan ake ɗiba daga kifin da ke cikin tanki, sauran aikin kuwa bakteriya ke yi. Tambaya ta biyu ce mai nauyi, kuma amsarta ta girmi korona.

Farkon labarin sananne ne. A 1975 Köhler da Milstein suka gano yadda za a samar da antibodi iri guda a Kambirij. Irin wannan antibodi babba ne, kilodaltan 150 (ma'aunin nauyin furotin ke nan), sarƙa huɗu: biyu masu nauyi, biyu marasa nauyi. A 1993 masana a Burasels suka ga raƙumi na da wani antibodi da ba shi da sarƙa mara nauyi. A 1995 ayarin Martin Flajnik a Miyami ya tarar da irin haka a jinin wani shak mai kwanciya a ƙasan teku, Ginglymostoma cirratum, aka raɗa masa IgNAR. Kansa mai cafke abokin gaba, VNAR, bai wuce kilodaltan 12 zuwa 13 ba. Na raƙumi ya kai asibiti a 2018, lokacin da Turai ta amince da caplacizumab don wata cutar daskarewar jini. Na shak, da aka gano shekara biyu kacal bayan na raƙumi, har yau bai samu wannan amincewa ba.

Shekarar da ba a cika waiwayarta ba ita ce 2004. A lokacin ne masana a cibiyar Scripps ta Kalifoniya suka fitar da siffar VNAR yana riƙe da lisozim, wani enzim (furotin mai saurin gudanar da aiki a jiki) na ƙwan kaza. Abin da ya ja hankali shi ne kyawun riƙon. Antibodin mutum na kama abu da madaukai shida, na raƙumi da uku, shi kuwa na shak madauki na biyu ya ɓace gaba ɗaya, sai na uku ya yi tsawo kamar yatsa, ya kutsa cikin tsagar da enzim ɗin ke aiki da ita. Babban antibodi ba ya iya shiga irin wannan lungu. Ga kuma juriya: jinin shak na ɗauke da yuriya, sinadarin fitsari, kimanin milimola 350 a kowace lita, adadin da ke wahalar da furotin, don haka VNAR ya saba da wuya, yana jure zafi, yana komawa siffarsa bayan ya warware.

Amma siffar nan ta zo da labari na biyu, kuma shi aka yi wa riƙon sakainar kashi. Doguwar yatsar ba ta tsayuwa da kanta. Ƙarin ƙullin sulfa tsakanin sistin da sistin (ɗaya daga cikin amino asid, tubalan gina furotin) ne ke ɗaure ta. Cikin bakteriyar E. coli irin wannan ƙulli ba ya ƙulluwa, sai an tura furotin ɗin zuwa sararin da ke tsakanin fatun bakteriyar biyu. Can ɗin wuri ne matsattse, abin da ake samu kaɗan ne, idan kuma sistin ya haɗu da wanda ba nasa ba, furotin ya dunƙule ya zama shara. Mafi muni, jerin amino asid na VNAR bai yi kama da na mutum ba sai da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, alhali na raƙumi ya haura kashi 70. Kakannin shak da namu sun rabu sama da shekara miliyan 400. Jikin majiyyaci na iya ɗaukar baƙon furotin a matsayin maƙiyi, ya yi masa nasa antibodin, allura ta biyu ko ta uku ta daina aiki. A ganina nan gizo ke saƙar, ba a ƙarancin kuɗi ko sakacin kowa ba.

Shi kansa kifin ba mai gaggawa ba ne. Ana yi masa allurar abin da ake nema wata-wata, a jira wata huɗu zuwa shida kafin jininsa ya amsa sosai. Lama, ɗan uwan raƙumi, kan gama cikin makonni. Daga nan a ciro RNA, saƙon ƙwayoyin halitta, daga fararen ƙwayoyin jini, a kwafi ƙwayoyin halittar VNAR, a ɗora su kan bairos mai cin bakteriya, a tace zagaye uku ko huɗu don zaɓo masu kama abin da ake nema. Shi ya sa da yawa suka koma ga rumbunan VNAR na haɗi, ba tare da kifi ba.

Ƙanƙantar ma da nata sharri. Ƙoda na tace duk furotin da bai kai kilodaltan 60 ba, saboda haka VNAR tsirara ba ya daɗewa a jini. Dabarar da aka samo ita ce a liƙa masa wani VNAR mai kama albumin, furotin da ke shafe kusan mako uku kafin rabinsa ya ƙare. Wani kuma an zaɓo shi don ya kama mashigar tiransfarin (furotin mai ɗaukar ƙarfe a jini), ya tsallaka da magani zuwa ƙwaƙwalwa a gwajin dabbobi.

Mai kama albumin ɗin nan, E06, shi aka gwada mayarwa kamar na mutum a 2013. An musanya fiye da kashi 60 na ginshiƙinsa, wato jikin da ke riƙe da madaukai, da jerin mutum, bai saki albumin ba. Sai dai siffarsa ta nuna cewa wani ɓangare na riƙon daga ginshiƙin yake fitowa, ba daga madaukai kaɗai ba, wato daga wurin da ake son a musanya. Saboda haka kowane sabon VNAR sai an bi shi amino asid ɗaya bayan ɗaya, a gwada wanda zai canzu da wanda taɓa shi zai kwance riƙon.