Iskar tayar tirelar kwana

Tirelar kwana wani ɗan ɗaki ne mai taya da ake maƙalawa a bayan mota ana ja, da gado da kicin har banɗaki a ciki, an fi saninta a Amurka da Turai. A Kano ba kasafai ake ganinta ba, abin da muka fi gani shi ne ƙananan tireloli masu ɗaukar janareto ko tankin ruwa, to amma maganar iskarsu duk ɗaya ce. Iska ce ke ɗaukar lodi, robar riƙe ta kawai take yi, shi ya sa in iska ta yi ƙasa ƙarfin tayar ma ya yi ƙasa ko da jiya aka siyo ta.

Tarihi

Wani ɗan Sikotilan mai suna Robert William Thomson ne ya fara yin rajistar taya mai iska a 1845, sai dai ba ta karɓu ba, aka manta da ita sama da shekara 40. Sai a 1888 John Boyd Dunlop, likitan dabbobi a Belfast, ya sake haɗa irinta don keken ɗansa, daga nan fa ta bazu. Bawul ɗin da mai faci ke dannawa da tsinke iska ta yi tsiii, na kamfanin Schrader ne, tun farkon shekarun 1890 yake kuma har yau kusan bai canza ba. Michelin suka zo da tayar radiyal, mai wayoyin ciki da ke gittawa daga gefe zuwa gefe, a 1946. A Najeriya an taɓa ƙera taya, Michelin a Fatakwal, Dunlop a Ikeja, duk suka daina wajen 2007 zuwa 2008, tun daga lokacin kasuwa ta koma hannun tayar waje, sabuwa da ta gwanjo.

Nawa ake sawa

Tayar da aka yi don tirela zalla tana da alamar ST a farkon lambarta, gefenta ya fi na tayar ƙaramar mota tauri. A jikinta akwai harafin da ke nuna ajin lodi: mai C iyakar iskarta yawanci PSI 50 (PSI ma'aunin ƙarfin iska ne), mai D 65, mai E 80. Wato wanda ya saba da 32 ko 35 na Corolla ya ce a sa wa tirela haka, ya rage mata ƙarfi sosai. Kamfani kan liƙa takarda a gaban tirelar ta hagu mai nuna girman taya da iskar da ya ce a sa, ita ake fara dubawa. Yawancin tsofaffin tayoyin ST ba a yi su don gudun da ya wuce kamar kilomita 105 a awa ba.

Ana saɓani kan ko a cika ta har iyakar da ke jikin taya ko a auna nauyi a bi jadawalin kamfani. Akasarin masu tirela mai gatari biyu sun fi son cikawa, don in ana shan kwana tayoyin jan ƙasa suke yi ta gefe.

Zafi

Nan ne abin ya fi shafar mu. Duk lambar da aka rubuta ta taya mai sanyi ce, wato da sassafe kafin a motsa, ko bayan ta huta kamar awa 3. Iska kan ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100 a duk ƙarin zafi na digiri 5 zuwa 6, to ka duba tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin watan Afrilu da Kano ke taɓa digiri 40, ga kwalta ta ɗau rana. Direba ya taso ya miƙi titin Zariya, ya tsaya wajen mai faci aka sa geji aka ga ta haura, sai ka ji an ce "oga a rage mata kar ta fashe". Kuskure ne babba wallahi. An riga an yi lissafin wannan ƙarin tun a kamfani, in ka sace iska da zafinta, da ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida, gefenta ya dinga lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, zafi ya taru a ciki har wayoyin su rabu da roba. Kuma da yake tirela a baya take, direba ba ya jin komai a sitiyari sai ya hango ɓarɓashin roba a madubi.

Iska in ta yi yawa, tsakiyar taya ke cinyewa kuma tirelar ta yi ta tsalle a ramuka.

Awo

Bugun taya da ƙarfe a saurari ƙara, ko danna ta da babban yatsa, ba awo ba ne, fanko kawai yake ganowa. Gejin wasu masu faci ya sha faɗuwa a ƙasa, gara mutum ya mallaki nasa mai kaiwa PSI 100, ya auna har da safaya. In gejin na bar ne, bar 1 kusan PSI 14.5 ne.

Shekaru

Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke jikin taya su ne sati da shekarar ƙira, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa na cewa shekara 4 ne wa'adin taya. Tayar tirela da ke yini a rana a ajiye takan tsattsage tun zanenta na nan daram.