Wa ke da ikon shiga asusun hutun ma'aikaci? Abin da dokokin Nijar suka tanada

Wasu kamfanoni da ƙungiyoyi masu zaman kansu a Maradi sun fara barin takardar neman hutu, wadda sai ta bi tebur-tebur kafin a sa mata hannu. Yanzu ma'aikaci ya buɗe manhaja a salularsa, ya nemi konje, shef ya amince. A bakin shigar ne ake sakaci. Wani biro lambar sirri ɗaya kowa ke bugawa, wani kuma sakatare ne ke riƙe da ta kowa a littafi.

Dokar ƙwadago mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012 ta ba ma'aikaci hutun kwana biyu da rabi a kan kowane watan aiki, wato kwana 30 a shekara, da biyansa. Mai juna biyu tana da mako 14. Ma'aikatan gwamnati kuwa nasu tsarin daban ne. Kwanakin nan kuɗi ne, domin wanda ya bar aiki bai cinye hutunsa ba, sai an biya shi madadinsa. To ranar da gardama ta kai gaban sufeton ƙwadago, ma'aikaci na rantsuwa bai nemi hutun nan ba, manhaja na cewa ya nema, da me mai kamfani zai kare kansa in mutum goma ne suka san lambar? Shaidar ta raunana. Shi ya sa nake ganin lambar tarayya ta fi cutar ubangida fiye da yaransa.

Dokar da ta fi taɓa zancen ita ce ta kare bayanan mutane, mai lamba 2022-59 ta 16 ga Disamba 2022, wadda ta gaji ta 2017. Hukumar kare bayanan mutane ta ƙasa, wato HAPDP, da ke Yamai ke sa ido a kanta. Duk wanda ya tara bayanan mutane, wajibinsa ne ya faɗa musu abin da ya tara da dalilinsa, ya tsare shi daga idon wanda ba ruwansa, ya kuma bar mai bayanin ya duba ya gyara kuskure. Manhajar hutu fa ba kwanaki kaɗai ta ƙunsa ba. Akwai takardar likita, akwai cikin da mai shi ba ta sanar ba tukuna, a garin da kowa ya san gidan kowa. Bayanin lafiya na cikin waɗanda doka ta fi tsanantawa a kansu. Shef ya san ranar tafiya da ta dawowa, ya ishe shi tsara aiki. Sanin ciwon ba nasa ba ne.

Dokar ba ta zaɓa wa kowa hanyar shiga ba, amma ba ta ɗauke su ɗaya ba. Hoton yatsa da na fuska sai an nemi izinin HAPDP kafin a fara ɗauka. Hikimar a fili take: lambar sirri in ta fita ana sake wata, yatsa ba a sake shi. Kuma ƙa'ida ce kada a tara abin da ya wuce bukata, ni kuwa ban ga bukatar yatsa don neman hutun kwana uku ba.

Lambar da ake turowa ta saƙon waya ta fi dacewa da mu, duk da ita ma da nata cikas. Wanda aka tura ƙauyukan Dakoro na iya wuni babu rezo, wasu na wajen Ɗan Isa kuma layin Najeriya suke riƙewa. Layi ya kan ɓata. Sai a ware mutum ɗaya sananne mai ikon sake buɗe asusu, ya tabbatar mai asusun ne ke nema, a rubuta rana da lokaci. Wanda ya bar aiki a rufe nasa ran nan.

Ga ƴan leƙe-leƙe kuma, dokar laifukan intanet mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 ta sa ɗauri da tara ga wanda ya kutsa cikin na'ura ta hanyar ha'inci. Ɗaukar lambar abokin aiki ba da saninsa ba na iya faɗawa cikin wannan.

Ma'aikacin da aka tona bayanansa zai iya kai kuka HAPDP. In kwanakin hutunsa ne aka taɓa, ofishin sufeton ƙwadago na nan Maradi zai nufa, da kwantiraginsa da takardun albashi a hannu.