Ruwa ba ya tsami banza: amsoshin tambayoyinku kan wanka a bakin tekun Ingila

Duk shekara da zarar zafi ya shigo, wayata ba ta hutawa. Ɗalibai sababbin zuwa, iyayen da yara suka dama da hutun makaranta, har da baƙin da suka zo ziyara daga gida, kowa bakinsa ɗaya: "Malam, an ce kai ne mai aikin gwajin ruwa, wai gaskiya ne ana zuba kashi a teku?" Na daɗe ina aiki a ɗakin gwajin ruwa a wani gari na bakin teku a kudancin Ingila, kuma na gaji da maimaita magana ɗaya. Ga amsoshin nan a rubuce. Wanda ya sake kirana, wannan zan tura masa.

Da gaske ana sakin ruwan bayan gida a teku a ƙasar Turawa?

Da gaske. A 2023 kaɗai, bututan ambaliya na Ingila, wato ƙofofin da ake bar wa ruwan ƙazanta ya fita in bututun gari ya cika, sun yi jimillar sa'o'i miliyan 3.6 suna tsiyayar da shi cikin koguna da teku. Alƙaluman Hukumar Kula da Muhalli ta ƙasar ne, ba zancen shayi ba.

Ai gishirin teku yana kashe ƙwayoyin cuta.

Wa ya gaya maka? Yana rage wasu, a hankali. Hasken rana ma ya fi shi aiki. Amma ƙwayar norovirus, mai sa amai da gudawa, tana iya daɗewa a ruwan gishiri tana jiran wanda zai buɗe baki.

Allon da ke bakin tekun ya nuna taurari uku. Ba shi ke nan ba?

Nan ne yawancinku kuke faɗawa. Taurarin nan labarin shekara huɗu suke ba ka, ba labarin yau ba.

Ga yadda ake yi. Ingila tana da wuraren wanka sama da 400 da hukuma ta amince da su. A al'ada, daga 15 ga Mayu zuwa 30 ga Satumba ake zuwa ɗibar ruwansu, wuri mafi samun kulawa sau ɗaya a mako. Ana neman ƙwayoyi iri biyu da ke zaune a hanjin mutum da na dabba, wato E. coli da enterococci. Ba su kaɗai ke sa ciwo ba, shaida ce kawai cewa kashi ya ratsa ruwan. Sai a tara sakamakon shekara huɗu a yi lissafi. Kafin wurin wanka na bakin teku ya samu taurari uku, dole kusan duk gwaje-gwajensa su kasance ba su wuce E. coli 250 da enterococci 100 a cikin mililita 100 ba. Wannan ma'aunin ya samo asali ne daga dokar Tarayyar Turai ta 2006, kuma Ingila ta ci gaba da aiki da shi bayan ficewarta. Taurari biyu mai kyau ne, ɗaya ya tsallake da ƙyar. Wanda ya faɗi, sai a kafa alamar shawarar kada a shiga.

To ka lura. Gwaji sau ɗaya a mako, kwalba ɗaya, daga wuri ɗaya. In an ɗiba ranar Talata da rana tsaka, aka yi mamako daren Alhamis, kwalbar Talata ba ta san da shi ba. Dokar ma ta yarda a cire wasu gwaje-gwajen daga lissafi, har kashi 15 cikin ɗari, idan an riga an gargaɗi jama'a cewa ruwan ya gurɓace na ɗan lokaci.

Kuma aikinmu ba ya sauri. Muna tace mililita 100 ta wata 'yar farar matata mai faɗin bakin kofin shayi, mu ɗora ta a faranti mai abincin ƙwayoyin, mu sa a akwatin ɗumi. E. coli sai washegari, enterococci kusan kwana biyu. Sai ka buɗe ka ga ɗigo-ɗigo ja-ja-wur a kan farar takarda, ka zauna kana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Akwai ranar da farantin ya cika maƙil har ƙirga ta gagara. Na kalli kwanan watan da ke jikin kwalbar, na tuna ranar an yi rana mai daɗi, bakin teku ba masaka tsinke. Wanda zai sha ya riga ya sha. Ihu bayan hari ke nan.

Me ya haɗa ruwan sama da masai?

Bututu ɗaya. A tsofaffin garuruwa, ruwan masai, na wanka, na wanke-wanke da ruwan saman da ke gangarowa daga rufi da titi duk hanya ɗaya suke bi zuwa matatar ruwan ƙazanta. Haka aka gina na Landan bayan warin da kogin Thames ya yi a 1858, wanda ya hana 'yan majalisa sakat. Injiniya Joseph Bazalgette ne ya ja ragamar aikin. A ranar da ba ruwa, komai yana isa matata lafiya. In aka yi mamako, bututu ya cika, ruwan sai ya nemi mafita. Ko dai ya dawo ta masan gidajen mutane, ko a bar masa ƙofa ya fita kogi ko teku. Sai aka bar masa ƙofa: wata 'yar katanga a cikin bututun, in ruwa ya haura ta sai ya zube waje. Irin waɗannan ƙofofi sun haura 14,000 a Ingila.

An yi su ne don ranar tsanani. Sai gari ya ƙaru, aka shafe filaye da kwalta da siminti, ƙasa ta daina shan ruwa, bututu kuwa yana nan yadda kakanni suka bar shi.

Amma ruwan teku mai tsarki ne, har alwala ana yi da shi.

Haka ne, hadisi ne sananne, ban kuma isa in yi jayayya ba. A karatun da aka yi mana, ruwa yana nan da tsarkinsa muddin najasa ba ta canza launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ba. Hukuncin wannan na malamai ne. Ni abin da na sani shi ne, ruwa yana iya zama garau, ba wari ba launi, ya kwantar da kai kwana uku. Tambayar tsarki daban, tambayar gudawa daban.

Jiya da dare an yi ruwa, yau rana ta fito, yara sun sa ni gaba. Mu tafi ko mu fasa?

Yawwa Hajiya, wannan ce tambayar da ta isa a zauna a kanta. Ba kuma zan ce miki "je ki" ko "kar ki je" kai tsaye ba, don abin ya danganta.

Wane irin ruwa aka yi? Ɗan yayyafi na minti ashirin sau da yawa bututu yana ɗauke shi. Mafi muni shi ne mamako bayan an daɗe ba a yi ruwa ba, don duk dattin da ya kwanta cikin bututu da kan titi lokaci ɗaya yake tashi, kamar yadda ruwan farkon damina ke kwaso abin da ke cikin lambatun unguwa. Sai dai shi ma yayyafin, in ya jera kwanaki har ƙasa ta ƙoshi, ruwan ƙasa yakan tsattsafa cikin tsofaffin bututu, ƙofar ambaliya ta yi ta zuba ko bayan sama ta washe.

Sai wurin da za ku. Gaɓar da ke fuskantar buɗaɗɗen teku, mai igiyar ruwa, tana saurin wankewa. Lungun da duwatsu ko katangar tashar jiragen ruwa suka kare, ko bakin kogi, ruwansa yana daɗewa yana juyawa wuri ɗaya. Shi ya sa a Sidni ta Ostireliya shawarar hukuma ita ce a jira kwana ɗaya a buɗaɗɗiyar gaɓa bayan ruwa mai ƙarfi, amma har kwana uku a lunguna da bakin koguna. A Los Angeles ta Amurka sa'o'i 72 suke cewa. Ni tawa ƙa'idar kwana biyu ga babba mai lafiya, kwana uku ga yara. Tawa ce, ba doka ba ce, kuma wani abokin aikina zai iya ce miki na cika tsoro.

Akwai kuma iska da cikar teku. Ruwan ƙazanta ba shi da gishiri, don haka a sama yake yawo. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a rana, in iska tana kaɗawa zuwa tudu, abin da aka zubar nesa da ku yana iya dawowa daidai inda yara suke. In rana ta buɗe sosai ƙwayoyin suna saurin mutuwa. In gari ya yi lumshi, ruwan kuma ya yi dagwalo, suna daɗewa.

Duba shafin Swimfo na Hukumar Muhalli, suna sa hasashen gurɓacewa kullum a lokacin wanka. Akwai kuma manhajar Safer Seas and Rivers Service ta ƙungiyar Surfers Against Sewage, wadda masu wasan igiyar ruwa suka kafa a Cornwall a 1990 bayan sun gaji da iyo cikin ƙazanta. In kin ga gargaɗi, magana ta ƙare. In ba ki gani ba, kar ki ɗauka an wanke ruwan. Na'urar da ke bakin bututu lokacin farawa da tsawon zuba take faɗa, ba ta faɗin yawan abin da ya fita. Ba ta kuma san da kashin shanu da tumakin da ruwa ya kwaso daga gonaki ba, ko na karnuka da tsuntsayen teku, ko gidan da mai gyaran famfo ya haɗa masai da bututun ruwan sama bisa kuskure.

In yaran sun ƙi haƙura, ku je, ku shimfiɗa tabarma, su yi wasa, su wanke hannu kafin su taɓa abinci. Abu ɗaya nake roƙonki. Wannan ɗan rafin da ke ratsa yashi yana gangarawa teku, mai ɗumi, marar zurfi, wanda iyaye mata suke zaunar da ƙananan yara a ciki don babu igiyar ruwa, sau da yawa shi ne ruwa mafi ƙazanta a wurin. Bi shi zuwa sama ki gani. Ba mamaki ki tarar da bakin kwalbati mai ragar ƙarfe, takardun goge jarirai sun maƙale a jiki sun yi furu-furu kamar tsumma a kan ƙaya.

In a cikinku akwai mai juna biyu, ko tsoho, ko mai ciwon sukari da rauni a ƙafa, ko jaririn da komai bakinsa yake kaiwa, ƙara kwana ɗaya a kan duk abin da na faɗa.

To duk laifin ruwan sama ne?

A'a. A Yulin 2021 kotu ta ci kamfanin Southern Water tarar fam miliyan 90 bayan ya amsa laifin sakin ɗanyen ruwan ƙazanta ba bisa ƙa'ida ba, sau dubbai, tsakanin 2010 da 2015. Ba hadari ne ya sa shi ba.

Mu ina ruwanmu? Mu baƙi ne.

Ruwanku na nan. Ragowar man suyar da kuke tuttulawa a wurin wanke-wanke, ina kuke tsammani yake zuwa? Yana daskarewa a bututu, ya haɗu da takardun goge jarirai da kuke jefawa a masai, su zama dutse. A 2017 an tarar da irinsa a ƙarƙashin unguwar Whitechapel a Landan, nauyinsa tan 130, tsawonsa mita 250. Bututun da ya toshe rabi, ɗan ruwa kaɗan ya isa ya sa shi ambaliya. Bar mai ya huce, zuba a gwangwani, jefa a shara. Wannan ma sai an roƙe ku?

Abin yana gyaruwa kuwa?

Yana gyaruwa, da kuɗi mai yawa. Landan ta haƙa rami mai tsawon kilomita 25 a ƙarƙashin Thames don tare ambaliyar, an gama haɗa shi a 2025. Faris ta kashe kusan yuro biliyan 1.4 kan kogin Seine saboda wasannin Olamfik na 2024, har da wani ƙaton tanki a Austerlitz mai cin ruwa lita miliyan 50. Magajiyar garin a lokacin, Anne Hidalgo, ta shiga ta yi iyo a gaban 'yan jarida. Da aka yi ruwa ranar buɗe wasannin, sai da aka ɗaga tseren iyo da keke da gudu na maza da kwana ɗaya. Duk da haka, a 2025 an buɗe wa jama'a wuraren iyo a kogin, abin da aka haramta tun 1923.

Ni a Akkara nake, da Sallah muke zuwa bakin teku.

Abin da na faɗa ya hau kanka, har ma ya fi. Kogin Odaw yana kwashe kwatocin gari ya zuba a tafkin Korle, shi kuma ya zuba a teku. Nisanci bakin tafki da bakin kowace kwata, kuma in an yi ruwa ka haƙura kwana uku.

Yarona ya kwankwaɗi ruwan, me zan yi?

Kwantar da hankalinki, galibi ba abin da ke faruwa. Yi masa wanka da ruwan famfo, ki tsane masa kunne. In amai ko gudawa suka zo cikin kwana ɗaya zuwa uku, ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan, ki raba masa tawul da sauran yara. In kin ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko ya daina fitsari, kira 111, lambar neman shawarar lafiya a Ingila, ko ki kai shi asibiti, kuma ki gaya musu ya shiga teku, da ranar da ya shiga.